Iya ta ƙi sauka a Azare

Muna isa Azare direba ya kashe mota, wai mu koma wata da ko rabi ba ta cika ba, shi Potiskum zai juya. Hutuna kwana uku ne kacal, amma har na ɗauki jakata.

Tsohuwar da ke gefena ko motsi ba ta yi ba.

Direba ya ce, "Iya, ki sauko mana."

Ta ce, "Ɗan nan, Kano ka ce a tasha. 'Yata ta haihu jiya, ni zan yi mata wankan jego. Daga kujerar nan sai Kano."

Kunya ta kama ni, na mayar da jakata. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya koma ya zauna.

Da wannan motar muka shiga Kano kafin la'asar.

Tsakani da Allah, da babu Iya, mu nawa ne za mu ƙi sauka?