Yaron da Babu Mai Faɗin Sunansa

Ɗana na fari sunan kakansa aka sa masa, mahaifin maigidana, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni gidan a Ƙofar Kware. Ranar suna kowa ya yi murna, an ce an mayar da Malam. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa an haifi yaron da duk gidan babu mai iya kiransa.

Ni ba na faɗin sunan, ɗan fari ne, kuma a wajenmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ki kiransa, ba ki yi masa wasa gaban manya, in ya faɗi sai ki kalli bango kamar bangon ne ya yi kuka. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ma ba ta faɗi, sunan mijinta ne. "Angona" take ce masa, irin wasan kaka da jika. Shi kuwa maigidan abu biyu suka haɗe masa, sunan ubansa ne, kuma ɗansa na fari. In ya dawo daga kasuwa, inda yake sayar da hatsi, sai ya tambayi iska: "Mutanen gida lafiya?"

Na kuwa iya kunyar nan, har yabona ake. Wata baƙuwa ta taɓa tambayata ɗan wa ne wannan, na ce mata ɗan gidan ne.

Da lokacin yaye ya yi, Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Ta ɗaura masa wani ɗan kambun fata a damtse, ya kama shi ɗam. Ba a jima ba zawo ya fara.

"Haƙori shika yi," in ji Inna.

A wurin Inna duk ciwon duniya haƙori ne. Zazzaɓi haƙori, amai haƙori, ko cinnaka ya cije shi haƙori ne. Wallahi da yaron ya fito da duk haƙoran da ta lissafa masa, kada ma in ya ga bakinsa sai ya ja da baya. Ta hana shi tuwo da wake da ƙwai, wai ciki ya huta. Sai koko tsararo kamar ruwan wanke kwano, a wani kofi da ƙudaje ke zaman majalisa a bakinsa, sai jiƙo, sai ruwan randar da kowa ke tsoma moɗa ciki.

Ni kuma tsintsiyata ta shiga ɓata, kullum kuma a ƙofar Inna nake nemanta. Na karɓe wankin fo ɗin da yake bayan gida a ciki da na wandunansa da sunan taimako. Inna ta riƙa sa mini albarka tana cewa ɗiyar ga akwai biyayya. Biyayya ina! Leƙen asiri nake. Na san yawan zawon, na san launinsa, na san ranar da majina ta fara bayyana a ciki. Idona kuma yana kan kambun nan: ya bar damtse ya sauko gwiwar hannu, daga nan ya zo wuyan hannu yana reto. Inna ta ce dukawan yanzu ne ba su iya aiki ba, fata ta saki.

Tsoro ya kama ni. Na tari maigidan. To amma ta yaya mutum biyu za su yi zancen wanda dukansu suka nuna ba su san shi ba?

Na ce, "Malam, wancan na ɗakin Inna ya lalace."

Ya ce, "Rediyon? Ai na ce zan kai gyara."

"Mai kambu nake nufi!"

Ya cire hularsa ya duba cikinta kamar an rubuta amsar a nan, ya ce Inna tana sane. Washegari ya sa aka sauke buhun gero a ƙofarta. Iyakar jawabinsa ke nan.

Wata safiya ina shara na tsinci kambun a ƙasa, ya zame da kansa. Na leƙa, na ga yaron yana kuka babu hawaye, idanu sun faɗa, wuya kamar sillen kara. Na ɗauki kambun na ajiye a kan faifan da ya rufe kokon maigidan. Ya dube shi, ya tashi bai sha ba. Ya dawo da napep, ya gaya wa Inna wai gwiwarta za a duba a asibiti, angon nata ya zo ya sha iska. Ni kuma aka ce in bi su in riƙe jaka.

Malamar asibitin ta naɗa masa wani ɗan tef mai launi a damtse, ya tsaya a kan ja. Ta ce tamowa ce, ga zawo ya tsotse ruwan jikinsa.

Inna ta dafe ƙirji. "Tamowa? Gidan mai hatsi? Mi kika nuhi?"

Malamar ta jawo kati. "Sunan yaro?"

Muka kalli juna, fanka na ta ƙara a samanmu.

"Angona," in ji Inna.

"Hajiya, ba aure zan ɗaura ba. Kai ne uban?"

Maigidan ya ɗaga kai ya kalli fankar. "Haka anka ce."

"To sunansa?"

Ya koma duba hula.

"Ina uwar?"

Na ƙara rungume jaka. Ta tambayi tun yaushe yake zawon, ko akwai jini, me yake ci. Inna ta fara, "Ai haƙori…" Malamar ta ajiye biro ta ce layi na jiranta, mu fita mu yi shawara, in mun tuna sunan ɗanmu mu dawo. Ta ɗaga murya: "Na gaba!"

A daidai lokacin kan yaron ya langaɓe a kafaɗar Inna.

Ban san sa'ad da na jefar da jakar ba. Na faɗi sunan, cikakke, da ƙarfin da har mai gadin ƙofa ya leƙo. Na fizge shi daga hannun Inna, na zazzage komai: ranar da abin ya fara, majinar, kokon, kofin, randar, har ƙudajen ban bar su ba. Maigidan ya saki baki. Malamar ta ce, "Ashe da uwa a ɗakin."

Abin da ya fi yi mini ciwo, yaron bai ko waiga ba. Bai san sunan nan a bakina ba.

Aka ba mu gado. Ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, da wata madara ta musamman, daga baya kuma wani abincin gyaɗa na leda da ya riƙa tsotsa. Aka yi mana karatu: a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu, a rufe kwano, kunu ya yi kauri da gyaɗa da waken suya, kuma kada a sake hana mai zawo abinci. Ya tashi, alhamdu lillahi. Yau yana firamare, haƙoran da aka yi ta zargi har sun fara faɗuwa, maƙwabta kuma sun gaji da jin sunansa a bakina.

Amma a ranar farko ba mu san zai tashi ba. Inna ta wuni ba ta ce mini komai ba, ni kuwa na gama shirin jin an kai ƙarata gidanmu a Gidan Dahala, an ce na zubar da kunya a gaban jama'a. Bayan la'asar ta ja gwiwarta ta zo ta zauna a bakin gadon. Ba ta kalle ni ba, hannun yaron take kallo, wurin da kambun ya bar sawu.

Ta ce, "Wanga mijin naki ba shi na ɗana na hwari ba. Akwai wani gaba gare shi." Ta gyara mayafi. "Shi ma haƙori anka ce. Ina kallo daga ƙofar ɗaki, ban ce komi ba."

Ta karɓi kofin ruwan gishiri da sukarin daga hannuna ta riƙe mini, ta bar mini cokalin.

"Sake kiran shi," ta ce. "Bai jiya ba ɗazu."

Na kira shi a hankali, a gabanta. Ya buɗe ido ya dubi Inna tukuna, sannan ya juyo wajena, ya buɗe baki na zuba masa cokali ɗaya.