Alhaji Garba da Takardar Jinin Maigidana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shanya wanki da safen nan a Godome waya ta yi ƙara. 'Yar Alhaji Garba ce, Balki. Ta ce, "Mama Rabi, Baba ya cika." Zanen da ke hannuna har yanzu yana nan ƙasa cikin yashi, na kasa ɗauka.

Alhaji Garba Direba ya rasu. Na unguwar Zango, wanda ya daɗe yana jan mota daga Kwatano zuwa Abijan. Bayan azahar za a yi masa sallah.

Na san yau kowa zai faɗi alherinsa, kuma duk gaskiya za ku faɗa. Ni akwai maganar da na riƙe masa kusan shekara arba'in. Na ce ranar Juma'ar nan zan je in faɗa masa. Ga shi yau Laraba. To ku za ku ji, don wallahi ban san inda zan kai ta ba.

Ku yaran yanzu ba ku san zamanin juyin juya hali ba. Kowa kamarad ne, har mai tuyar ƙosai. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Zogbo, kuma ina cikin matan Zango 'yan kaɗan da ke karanta Faransanci. Shi ya sa Alhaji ba ya kiran sunana. In ya shigo gidanmu sai ya ƙame ya sara min kamar jandarma, ya ce, "Kamarad Madam, akwai tuwo ko juyin juya hali ya cinye?"

Aminin maigidana ne, Malam Sani mai atamfa, Allah ya jiƙansa. Mota ɗaya ta kawo su daga Katsina suna samari, kwano ɗaya suke ci.

Sai aka sami Malam da ciwon daji a babban hanji. Aka yi masa aiki, aka cire wurin, ya tashi. Ranar da za a sallame mu likitan ya kira ni gefe, don ni ce mai jin yarensa. Ya ce akwai wani abu da irin wannan ciwon ke zubawa cikin jini, CEA suke ce masa, ana auna shi a rubuta lamba. In lambar tana ƙasa, mu gode Allah. In ta fara hawa, mai yiwuwa ciwon ya dawo tun kafin jiki ya ji, mu zo da gudu, in ƙarami ne wani lokaci ana iya sake cirewa. Duk wata uku a ɗebi jini. Sai dai a lokacin ba mu sami inda ake aunawa kusa ba, sai Abijan.

Wannan bayanin ban faɗa wa kowa ba. Kun san halinmu, ba a tsorata marar lafiya. Ce wa Malam da Alhaji kawai na yi ana duba jini a Abijan.

Alhaji ya ce, "Abijan? Ai hanyata ce."

A fulas ɗin shayinsa yake ɗaukar kwalbar. Ya cika shi da ƙanƙara, ya naɗe da bargo, ya sa tsakanin ƙafafunsa. A Lome ya tsaya ya sake ƙanƙara, a Akara ya sake. Fasinjoji su yi ta ƙorafi, ko a jikinsa. Ya ba ni labarin wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan na kan iyaka, da ya ce sai ya buɗe fulas ɗin. Ya ce masa, "Kamarad, jinin ɗan'uwana ne a ciki. In ya lalace a hannunka, kai da Allah." Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Tafiya ta farko lambar uku ce. Ta biyu huɗu. Likita ya duba ya ce lafiya lau.

A ta uku Alhaji ya kasa haƙuri, ya buɗe ambulan tun a hanya. Ba ya karatun boko, amma lamba kam ya sani. Ya ga arba'in da biyu.

Ku yi masa adalci. Mutumin da ya taso a tasha da kasuwa, a wurinsa abin da ya hau shi ne alheri. Kuma mu duk abin da muka sani game da jinin marar lafiya shi ne ko ya ragu ko ya ƙaru. Tun bayan aiki kowa cewa yake Malam ba jini a jikinsa, ana ta dafa masa zogale da hanta.

Da rana tsaka ya shigo Zango yana danna oda, ga rago ɗaure a saman mota. Tun daga bakin layi yake ihu, "Sani! Fito! Jini ya dawo! Daga huɗu har arba'in da biyu!"

Mata suka sa guɗa. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Malam, wanda rabona da jin dariyarsa tun kafin a kwantar da shi, ya fito ba hula ya rungume abokinsa yana dariya yana hawaye. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai Alhaji ya miƙo min takardar a gaban kowa, ya ce, "Kamarad Madam, karanta musu da Faransanci su ji da kunnensu."

Na duba. Na gane. 

Na ce, "Haka ne. Alhamdulillahi."

Kada ku tambaye ni dalili, ni ma na gaji da tambayar kaina. Ta yaya mace za ta buɗe baki a gaban liman da manyan unguwa ta ce wa aminin mijinta ya yi kuskure, ga rago har an kwantar? Ga kuma fuskar Malam. Na ce a raina bari taro ya watse, gobe zan faɗa.

Gobe ta yi, Malam ya yi wanka ya sa babbar riga ya koma rumfarsa. Ya dawo ya cinye tuwo malmala biyu. Na ce a bar shi ya ji daɗin mako ɗaya. Na ninke takardar na tura ta ƙasan akwati, na ce musu likita ya gani. Har na fara rarrashin kaina cewa wataƙila su na Abijan ne suka yi kuskure, tunda ga mutum nan yana tafiya da ƙafarsa.

Mako ɗaya ya zama wata uku.

Lokacin ɗibar jini na gaba ya zo, idanun Malam sun riga sun fara yin ruwan ɗorawa. Likitan ya tambayi takardar baya. Na ciro na ba shi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni ya ce da Faransanci, "Madam, ke da na yi wa bayani?" Suka duba, ciwon ya dawo, ya cika hanta. Na tambaye shi da mun zo da wuri zai tsira? Ya ce, "Ban sani ba. Amma da muna da abin gwadawa."

Wannan "ban sani ba" ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

Alhaji yana waje a kan benci. Wani ma'aikacin asibitin ne ya faɗa masa cewa hawan lambar nan ba alheri ba ne. Da na fito na tarar ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Ni na ruɗe ku. Ke malamar lakwal ce, ba likita ba, ina za ki sani? Ni na shigo da oda da rago na rufe wa kowa baki. Ni na kashe Sani."

Na yi shiru. Wallahi na yi shiru.

Malam bai kai damina ba.

Daga ranar Alhaji bai sake tsokanata ba, Hajiya yake ce min tun ban je Makka ba, kuma idonsa a ƙasa. Ya bar hanyar Abijan. Rufin ɗakina ya yi yoyo, shi ya hau da kansa. Shi ya yi wa 'ya'yana uku walicci. Da na koma Godome, duk sallah sai ya ratso cunkoson motocin nan ya zo gaishe ni, ya zauna a bakin ƙofa, ba ya yarda ya shiga falo. Ni kuwa ina karɓa ina godiya, alhali na san laifin da yake ta wankewa ba nasa ba ne.

Ranar Asabar da ta wuce na je duba shi. Tsufa ne da ciwon ƙoda, ya rame sai idanu. Ya sa Balki ta koma bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, na kusa haɗuwa da Sani. Me zan ce masa?"

Na ce, "Haba Alhaji, za ka tashi."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ki yafe min ragon nan."

Maganar ta zo min har maƙogwaro. Kun san abin da ya fito? "Na yafe."

Ni. Ni ce na yafe masa.

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi min albarka. Na ce zan dawo Juma'a, akwai maganar da za mu yi. Ya ce, "Ina nan, ina zan je?" A kan babur ɗin da ya maido ni gida na yi ta kuka, har mai babur ya tsaya ya tambaye ni ko mutuwa aka yi.

Balki, ke da ƙannenki, ga abin da na yi wa mahaifinku. Kun taso kuna ganinsa mutum mai shiru-shiru, ba ku san shi da barkwanci ba. Ni na san shi kafin nan. Ban isa in ce ku yafe min yau ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Garba. Ka haskaka kabarinsa, ka sauke masa abin da na ɗora masa, ka haɗa shi da amininsa a Aljanna ba tare da kunya ba. Duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah ka yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. In da saura, ka sa da ni.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, iyakata ƙofar gida. Saboda haka ina roƙon mazan Zango, duk wanda zai shiga ya kwantar da shi, kafin ku jera itace, ka sunkuya daidai kunnensa ka ce masa Rabi ta sani tun ranar.