Kaset Ɗin Malam a Sheshe

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da wani abokin aikina, na rungume na'urar karanta kaset a cinya saboda ramukan hanya. Direba ya ce sai na biya mata kuɗin kujera, muka yi ta ja har Kwanar Ɗangora.

Karatun marigayi malaminmu ne ya kai mu Kano. Shekarun baya wani ɗalibinsa ya ɗauki karatuttukansa a kwamfuta, ya juye su a kaset ɗin ajiyar bayanai irin na ofisoshi. Kwamfutar ta mutu, ɗalibin ya rasu, kaset ɗin nan ɗaya shi ya rage da muryar Malam.

Ta Ƙofar Na'isa muka shiga gari, ɗan sahu ya sauke mu a bakin unguwar Sheshe, saura kuma a ƙafa, don lungun ko mutum biyu sai sun karkace. Ƙanen Malam, dattijo mai kirki da muke kira Baba, ya tarbe mu a zaure da gurasa, ya fito da kaset naɗe cikin rawani.

Na haɗa na'urar da kwamfutata, na saka kaset, na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Na rubuta mt status, na'ura ta amsa lafiya. Na ba ta rewind, kaset ya koma farko, kwafi ya kama tafiya. Wallahi har ƙwalla na yi. To ita in tana karatu kulle bakinta take yi, maɓallin fitarwa ba ya aiki, sai ta gama a rubuta mata eject ta fito da kaset. Na so in ce wa Baba kada a taɓa, amma na ji nauyin faɗa wa dattijo haka a zaurensa.

Muka yi azahar tare, abokina ya ja ni Ƙofar Mata kallon marina. Ina ma ban je ba.

Muna dawowa muka tarar da Baba riƙe da wuƙa, zaren kaset ya zubo a tabarma, a yamutse, a tsinke. Wai ya ji na'urar tana gurnani, ya danna ta ƙi buɗewa, ya san ta cinye kaset kamar yadda rediyonsa ke yi, sai ya ɓanɓare bakinta da wuƙa.

"Da ƙyar na ceto shi, ɗana," in ji shi. "A samo biro a naɗe."

Abin da ya kwafu ko karatun azumi ɗaya bai cika ba, daga cikin na shekara da shekaru.

Da magariba muka iso gida. Haushin kaina nake ji, ba na Baba ba. Na koyi cewa kafin ka ba na'ura umarni, fara ba mutanen ɗakin, ko da sun haife ka. Da zai raka mu, Baba ya tambayi ranar da zai tara ɗalibai su ji Malam. Na ce zan kira shi, kuma har yau na kasa.