Jan Biron Malam da Asusun Akawu

Tun tana aji uku ake ce mata Akawu, domin ko aikenta aka yi sai ta dawo da canji a naɗe cikin takarda, da lissafinsa a rubuce. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, sunan bai sake ta ba.

Tana da asusun ajiya a banki. Duk ƙarshen wata saƙo biyu ke shigowa wayarta: kuɗin ruwan da ajiyar ta haifa, sai harajin da aka cire daga ciki, kashi goma cikin ɗari. Takan zauna a teburin mahaifinta, tsohon malamin lissafi, ta ari jan bironsa ta duba. Sau ɗaya aka cire ƙasa da ƙa'ida, ta bi layi awa biyu a banki don ta faɗa musu.

"Ban taɓa ganin mai kai ƙarar kanta ba sai ke," in ji mahaifiyarta.

"Umma, da harajin nan ake sayo mana auduga a asibiti."

"To, a gaishe da auduga."

Wata bakwai ke nan da rasuwar Akawu, bayan jinyar kwana tara. Malam bai bar wayarta ta mutu ba. Saƙon na zuwa da cikakken sunanta a sama, shi kuma ya ɗauko biro ya duba mata.

Ya san abin da ya kamata: ya kai takardar rasuwa, a rufe asusun, kuɗin su koma ga 'yar da ta bari, wadda ke jiran kuɗin makaranta. Takardar na aljihunsa har ta yi laushi. In ya miƙa ta, saƙo ya ƙare.

Wata safiya matarsa ta ajiye masa shayi ta ce, "Malam, ana ta rubuta haraji da sunan wadda ba ta nan. Da ta gani, me za ta ce?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Da tuni tana kan layi."

Ranar ya je banki. Da aka gama, ya roƙi ma'aikaciyar ta buga masa lissafin ƙarshe. A tsaye ya bi shi layi-layi, har ya kai kan harajin.

"Baba, akwai kuskure ne?"

"Babu, 'yata."

Ya yi alamar daidai da jan biro, ya naɗe takardar, ya sa a aljihun da ɗayar ta fito.