Sunan Ɗan Farinta

Na taɓa koyar da Turanci a wata 'yar cibiya a Sabon Garin Wudil, kuma har yau idan adaidaita sahu ta bi da ni ta ƙofar wurin sai na kau da kai. Gidan haya ne aka fasa bangon ɗakunansa aka zuba bencuna. Aikinmu shi ne mu karɓi ɗalibai daga Nijar da Chadi, waɗanda suka yi karatunsu da Faransanci, mu ɗura musu Turanci safe da yamma cikin 'yan watanni, sannan mu ba su takardar shaida su kai jami'a. In babu takardar nan, babu gurbin karatu. Da gangan na ce ɗura, domin yadda ake yi wa jariri ɗurar koko haka muke yi musu, ko su haɗiye ko su ƙware.

Mai cibiyar mutumin Utai ne. Ya taɓa zuwa wani gajeren kwas a Turai, ya dawo da hular sanyi da wani ra'ayi guda wanda ya riƙe bakin rai bakin fama: wai Turanci ba a baki yake ba, a hali yake. Kullum da safe sai ya tsaya a gaban ɗalibai yana hura hanci yana cewa Bature ba ya sunkuyar da kai, Bature ba ya kwana-kwana, in ka tambaye shi amsa yake ba ka. Ɗalibi ya kuskura ya tsaya tambayarsa kwana da gajiya da iyali, sai ya daka masa tsawa ya ce nan ba zauren gidansu ba ne. Mu malamai mukan haɗa ido, muna ɗaukar abin iyayi ne kawai wanda ba zai cuci kowa ba.

A cikin ɗaliban wata shekara akwai wata mata daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ta girmi sauran, tana da 'ya'ya biyu. Ta koyar da lissafi a makarantar ƙauyensu, kuma digirin lissafin take so. Mijinta falken shanu ne da yake zuwa kasuwar Juma'a ta Wudil, shi ya samo mata ɗaki a gidan wata gwaggonsa a bayan kara, wato kasuwar shanu. Yaran kuwa suna can wurin uwar mijin, wadda da ƙyar ta yarda da tafiyar, kuma ta yarda ne a kan sharaɗi. Gwaji ɗaya ne. In ta samu shiga jami'a a wannan karon, za a kawo mata yaran Wudil su zauna tare. In ba ta samu ba, ta tattara ta koma gida, maganar karatu ta mutu.

Ban taɓa koyar da mai naci irinta ba. Madam take ce mini, irin na makarantunsu na can, na yi na yi ta koma Malama ta ƙi. Takan tare ni a bakin ƙofa da tambaya tun ban ajiye jaka ba. Tana wanki rediyo na gefenta yana labaran Turanci, tana maimaitawa a bayansa. Ina tsokanarta da Hausarsu ta "mi" da "wanga", ita kuma tana ramawa da cewa mu Kanawa hanzarin magana ya sa muna haɗiye rabin kalma. Kafin kwas ɗin ya ƙare, ita ce ke gyara wa samarin ajin rubutunsu. Ko a mafarki ban kawo za ta faɗi ba.

Jarrabawar ƙarshe ta baki ce, kuma mai cibiyar da kansa yake yin ta. Ni da abokin aikina, wani Kirista ɗan Filato mai sanyin hali, muna zaune a gefe a matsayin shaidu, an ce kada mu sa baki. Ranar ana zafi, babu wuta, fanka a tsaye. Ta shigo ta zauna. Ya tambaye ta garinsu, ta amsa. Ya tambaye ta dalilin da ya sa take son lissafi, ta yi masa bayani da Turanci mai tsabta, har na ga abokin aikina yana gyaɗa kai. Daga nan ya ce ta ba shi labarin iyalinta, ta ce tana da namiji da mace. Sai ya ce, mene ne sunan babban?

Ta yi ɗan murmushi ta sunkuyar da kai. Da Turancin nan dai ta ce masa ita Babana take kiransa, domin ɗan farinta ne, kuma sunan mahaifin mijinta ya ci. Amsa ce cikakkiya, babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san akwai gidajen da uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, balle a ce sunan surukinta ne a kansa. Kunya biyu ce ta haɗu mata a suna ɗaya.

Ya ce ba abin da take kiransa ya tambaya ba, sunansa ya tambaya. Ya sake maimaita tambayar a hankali, kalma-kalma, yana nuni da hannu kamar mai magana da kurma. Ta ƙara sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ya jingina da kujera ya ce ta tashi ta tafi. Tana fita ya dube mu ya ce ta faɗi, dalili kuwa wai ba ta fahimci tambaya mai sauƙi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta fahimta sarai. Kai ma ka san ta fahimta."

Ya ce, "Malama, ni abin da kunnena ya ji nake yi wa hukunci. Na yi tambaya, ban ji amsa ba."

Abokin aikina ya sa baki ya ce ai ko shi da ba Bahaushe ba ya san wannan al'adar, maƙwabciyarsu a nan Wudil ba ta taɓa kiran babban ɗanta da suna ba. Mai cibiyar ya yi mirsisi kamar ba da shi ake ba.

Ni kuma na san wani abu, don innata ta san gidansu. Shi kansa ɗan fari ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiyarka ta Utai, tun da ta haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakinta?"

Na zaci zai ji nauyi. Ko gezau bai yi ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Shi ya sa ba ta shiga jami'a ba."

Wallahi da baƙo ne ya yi wannan aikin, wanda bai san kan abin ba, da na yi masa uzuri na zauna na fahimtar da shi. Amma wannan mutumin a cikin kunyar nan aka goya shi. Ya san ainihin inda abin yake da ciwo, shi ya sa ya kai yatsa wurin. Wannan ba jarrabawar Turanci ba ce, mugunta ce aka sa wa rigar boko. Na faɗa masa haka, da Hausa, a cikin ofishinsa inda ya hana yin Hausa, kuma ban rage murya ba.

Abin da hayaniyata ta samo kaɗan ne. Ya ce zai sake mata jarrabawar kafin a rufe karɓar takardu a jami'a, amma tambayar tana nan, kuma a gaban dukkan aji za a yi, don ya zama darasi. Na ce to a bar ta ta rubuta sunan. Ya ce baki yake jarrabawa, ba alƙalami ba.

Da la'asar na bi ta gidan gwaggon mijinta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, idanunta sun kumbura. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin wadda aka hana mu a wurin aiki. Sannan na kawo mata dabarar da nake ganin ta fi kowace sauƙi. Na ce ai bai san yaron ba, ta faɗi kowane suna ya zo bakinta, a wuce wurin.

Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Madam, in ba ɗana sunan wani? Da bakina? In tsaya gaban mutane in ce wanga shi ne ɗana, alhali ba shi ba ne? Mi zan ce ma raina bayan nan?"

Na ce to ta yi tunanin yaran, watanni ke nan ba ta sa su a ido ba. Ta ce su take tunani tun da ta fito daga ɗakin jarrabawar. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ni kuma na tashi na tafi ina jin haushin kowa, har da Turancin da nake ci da shi.

Ranar da aka sa, aji ya cika. Samarin Chadi da ba su san dawan garin ba suna ta raba ido, 'yan Nijar kuwa duk sun sunkuyar da kai tun kafin a fara. Ta tsaya a gaban allo. Bai ɓata lokaci da wasu tambayoyin ba, kai tsaye ya tafi kan wadda ya tara mu dominta. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta haɗa jimla cikakkiya da Turanci, ta sa sunan a ƙarshenta. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Ya tafa mata. Shi kaɗai ya tafa, ya juya ga aji yana washe baki yana cewa, "Kun gani? Yanzu ta waye." A take ya sa hannu a takardarta ya miƙa mata. Ban sake koyarwa a gidan nan ba bayan wannan zangon.

A ranar dai, na same ta a waje, a inuwar katanga, takardar na hannunta ba ta ko duba ta ba. Na matsa zan yi mata barka, na ce ai yanzu sai a kawo yara. Ta ce haka ne, za a kawo su.

Can ta ce, "Madam, tun ranar suna nike riƙe da shi a bakina. Na ce ko ranar da zan mutu ce, in kira yaron sau guda, shi ji yadda sunanshi yake a muryar uwarshi. Ga shi na ba wancan mutumin."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta tambaye ni wane ofishi ake kai takardar.