Rigar da Inna Ladi ta ɗinka wa na'ura

Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, tsakiyar damina, saura shekara biyu in yi ritaya. A lokacin ni ne babban mai kula da na'urorin ƙananan asibitoci, daga Bebeji har Doguwa. Ga wanda bai san aikin ba, yawancinsa ba gyara ba ne. Duk wata uku ake zagayawa, a buɗe na'ura, a share ta da burushi, a gwada ta, a sa hannu a katin da ke rataye a jikinta.

Ranar aka kira ni wani ƙaramin asibiti a wajejen Dangora. Na'urar da ke ba marasa lafiya iskar numfashi ta yi ƙara ta mutu, ga jariri a kanta. Allah ya taimaka, aka garzaya da shi babban asibiti, ya kuma warke.

Shugaban wurin, Malam Sabi'u, ya tare ni da takarda a hannu.

"Baba Injiniya, ba sai ka sha wahala ba, mun gano mai laifi. Inna Ladi ce, mai shara. Riga ta ɗinka wa na'urar, riga fa! Ga takardar sallamarta, sa hannunka nake jira."

Na shiga na ga rigar: shuɗin yadi da adon zare a baki, irin wanda ake lulluɓe kwanukan amarya da shi. Inna Ladi na raɓe a bakin ƙofa da tsintsiyarta. Dattijuwa ce, da aikin nan take riƙon jikoki uku marayu.

Bayan mun gaisa na ce, "Inna, me ya kawo riga?"

"Ranka ya daɗe, an ce daga ƙasar waje aka kawo ta. Yaya za a bar ta tsirara ƙudaje na sauka a kai? Ko rediyon marigayi maigidana sai da na yi masa tasa rigar."

Ban yi mamaki ba. Na yi aiki a Yamai da Kartum, na yi kwas a Jamus. Bajamushe in yana ji da na'ura, jadawali yake rubuta mata ya manna a bango. A Kartum na ga ana kulle ta a kabad, makulli a aljihun shugaba. Mu kuwa sutura muke yi mata.

Ita wannan na'ura ta baya take shaƙar iska, ta cikin wani soso mai tace datti. Rigar ta ɗan rufe wurin, gaskiya ne. Amma da na zaro soson sai na tarar ya yi baƙi ƙirin, ya yi tauri kamar ƙanzo. Duk mako ya kamata a wanke shi, ba kuwa wanda na taɓa nuna wa yadda ake yi. Na juya katin. Sa hannun ƙarshe nawa ne, wata bakwai da suka wuce. Na ɗage zuwana sau ɗaya saboda wani aiki, sannan ruwa ya yanke hanya, daga nan na manta.

Na wanke soson da sabulu, ya bushe a inuwa, na mayar. Na kunna ta da rigar a jikinta. Ta ɗan yi ɗumi, amma awa guda tana aiki ba ta tsaya ba.

Na miƙa wa Malam Sabi'u katin. "In sallama za a yi, ga sunan da za a fara da shi."

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Haba Baba, wa ya isa?"

"To, ita ma a ƙyale ta."

Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ni kuma na rubuta rahoto yadda abin yake, aka ba ni takardar gargaɗi. Ita kaɗai ce a fayil ɗina har na bar aiki.

Kafin in tafi na koya wa Inna Ladi cire soson da wankinsa, ta riƙa yi duk ranar Juma'a da safe. Bayan wata uku na dawo, soso fes. Rigar ma tana nan, sai dai an yanke bayanta murabba'i, an kalmashe bakin da kyau.

"Baba Injiniya," in ji ta, "na yi mata taga."

Ku da kuke zagayen nan yanzu, a kowane asibiti akwai mutum ɗaya da na'urar ke ransa, sau da yawa ba shi ne mai digiri ba. Ku neme shi ku koya masa. In kuma aka miƙo muku takardar korar wani, ku fara juya katin ku ga sunan wa ke jiki.