Takardar Ƙarƙashin Katifa

Ƙanwata ta fi ni boko, ni a aji huɗu na tsaya. Zamanin mulkin soja tana aure a Rogo, tana aron littattafai wurin maƙwabciyarta, wata malamar asibiti Kirista. Duk wanda ta gama sai ta rubuta sunansa a takarda ta tura ƙarƙashin katifa.

Mijinta bai iya boko ba. Ya tsinci takardar, ya zaci wasiƙar namiji ce, ya hau keke har Karaye ya same ni a majalisa.

"Yaya, don Allah duba mini wannan."

Da na ce sunayen littattafai ne kawai, da ya koma da kunyarsa. Amma an zuba mini ido, ni kuma ban saba a nemi karatuna ba. Na gyara murya na karanto duka, daga na soyayya har na addu'o'in coci guda uku. Wani dattijo ya yi salati.

Washegari mijin ya sake ta, matar da ba ta taɓa barin salla ba.

Ta dawo gida da goyo, ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Har yau in na shigo, tashi take yi ta bar wurin.